Yadda muke shirya baje kolin ayyukan malamanmu a gidan zane na unguwa

Shekara shida ke nan ina koyar da zane a wani ɗan gida da muka haɗa kuɗi muka kama haya a cikin garin Bauchi, ba nisa da Ƙofar Wunti. Zaure ne babba, da ɗakuna biyu, da tsakar gida mai bishiyar darbejiya. Mu bakwai ne malamai: ni da wani abokina muna koyar da zanen fensir da na fenti, akwai malamar rini, akwai wani dattijo baduku, akwai mai ginin tukwane da take zuwa daga ƙauye duk Asabar, akwai alaramma mai zayyana, sai wata matashiya da ta karanta zanen yadi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wato ATBU. Yara suna zuwa mana Alhamis da Juma'a da yamma, ranakun da babu Islamiyya, matan aure kuma Asabar da hantsi.

Wata Alhamis ina gyara wa wani yaro ɗan shekara goma sha biyu zanen tulu, sai ya ɗago kai ya ce, "Malam, kai ma kana yin zane naka na kanka, ko dai koyarwa kawai kake yi?" Da zuciya ɗaya ya yi tambayar. Shekara biyu yana hannuna, abin da ya sani game da ni shi ne hannun da ke karɓar fensirinsa ya daidaita masa layi. Da na koma gida na duba, sai na tarar na fi shekara ban kammala aiki nawa ko ɗaya ba. Abokan aikina ma haka. Koyarwa ta cinye mu, har yaran da muke so su zama gwanaye ba su taɓa ganin abin da gwaninta ke haifarwa a hannun mutumin da suka sani ba. Daga nan muka fara baje kolin ayyukan malamai. Sau uku ke nan muna yi, kuma ga yadda muke bi, ko da wata makaranta ko ƙungiya a Bauchi, Gombe, Azare ko Billiri za ta so ta gwada.

Fitar da aikin daga hannun malami

Wannan shi ne mataki mafi wuya, ya fi neman kuɗi wuya. In ka ce wa malami ya kawo aiki, abin da zai fara miƙo maka shi ne samfurin da yake nuna wa ɗalibai: ƙwaryar da ya zana sau ɗari, ko ƙyallen da aka rina don a ga yadda ake ɗauri. Kada ka karɓa. Yaran sun riga sun haddace waɗannan. Abin da ake nema shi ne aikin da malami ya yi lokacin da babu mai kallonsa, wanda ya sha wahala a kansa, wanda yake ɗan jin nauyin a gani.

Saƙon WhatsApp ba ya fitar da irin wannan aiki. Takawa za ka yi har gida, wata uku ko huɗu kafin ranar. Da na je wajen badukunmu, na same shi a zaure yana fiƙe wuƙa. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, a cikin duk abin da ka taɓa ɗinkawa, wanne ne ka yi don ranka ba don mai saye ba?" Ya ce, "Malam, baduku don tuwo yake aiki." Muka ci gaba da hira kan tsadar fata. Har na yi sallama na kai bakin ƙofa sai ya ce in dakata. Ya shiga cikin gida ya jima, sannan ya fito da wani abu a naɗe cikin tsohon zane. Gafaka ce ta jar fatar akuya, wadda ya ɗinka wa babban ɗansa lokacin saukar Alƙur'ani, shekaru talatin da suka wuce. An yanka koriyar fata siri-siri an saƙa a bakinta, ɗinkin kuwa ƙanana kamar ƙwayar acca, sai ka kai ido kusa za ka rarrabe. Gefen da ke gogar kafaɗa ya yi duhu yana sheƙi. Ya ce, "Wannan kam ba a sayarwa." Na ce ai gani kawai za a yi, Baba. Ita ce abin da mutane suka fi tsayawa a kai a shekarar farko.

In malami ya ce shi ai koyarwa ce aikinsa yanzu, ni naira ashirin nake zarowa daga aljihu in juya bayanta. Matar da ke zaune tana gina tukunya a jiki Ladi Kwali ce. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Baturen Ingila mai ginin tukwane, Michael Cardew, ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ta koyar da mutane, ta je Ingila da Amurka tana nuna yadda ake gini, amma hannunta bai bar yumɓu ba, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Haka ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958: Uche Okeke ya koyar a jami'ar Nsukka, Yusuf Grillo a kwalejin fasaha ta Yaba, Bruce Onobrakpeya ya yi shekaru yana koyar da 'yan sakandare a Legas, kuma duka da aikin hannunsu aka san su. Koyarwa da yin aiki tare suke tafiya tun asali, mu ne muka bari ɗaya ya danne ɗaya.

Kafin ka faɗa wa kowa yawan abin da zai kawo, ɗauki tef ka auna bangayenka. Mu muna karɓar aiki uku ko huɗu daga kowane malami, gaba ɗaya bai wuce ashirin da biyar ba, domin abin da zaure da ɗakuna biyu za su ɗauka ke nan ba tare da an cusa ba. Sharaɗinmu guda: aƙalla ɗaya daga ciki ya zama sabo, wanda aka yi a cikin shekarar. Wannan sharaɗi shi ya mayar da ni kan allon zanena, kuma shi ne ribar da malamai suka fi ci. Mai fentin mai sai ya gama da wuri, domin fentin mai yana ɗaukar makonni kafin ya bushe sosai, in an shafa da kauri ma ya fi haka. Mai zanen gawayi kuma ya fesa maganin da ke kama gawayin a jikin takarda, in ba haka ba yana kakkaɓewa tun a hanya.

Ranar karɓar kaya, a tanadi littafi mai bango mai ƙarfi. Kowane aiki da shafinsa: sunan mai shi, sunan aikin, abin da aka yi shi da shi, tsawo da faɗi, ko na sayarwa ne da farashinsa, da duk wani tabo ko tsaga da ya zo da shi. A ɗauki hotonsa gaba da baya da waya, mai shi ya sa hannu, mai karɓa ya sa. Wasu za su ce, "Haba, tsakaninmu har da rubutu?" Ka ce i. Zumuncin ake karewa.

Lokaci da ɗaki

A nan Bauchi lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba. Ba a littafi muka koyi wannan ba. Karon farko a Agusta muka yi, tsakiyar damina, don muna ganin yara na hutu. Bangon gabas na ɗakin ciki ashe yana shan ruwa ta waje. A ido lafiya lau yake, sai ka ɗora tafin hannu za ka ji sanyi. Kwana goma da ratayawa, zanen dutsen Warinje da abokina ya yi da fentin ruwa ya fara fitar da ɗige-ɗige ruwan ƙasa daga kusurwa, takardar ta kumbura a cikin firam. Funfuna ce ta kama shi ta baya. Wata biyu ya yi yana wannan zane, yana fita da asuba don ya samu hasken da yake so a kan dutsen. Bai ce komai ba, ya cire shi ya tafi da shi gida, amma har yau in na tuna raina yana ɓaci. Tun daga nan ba mu sake yi da damina ba, kuma ba mu sake manna firam a jikin bango ba.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ce matsalar, tana shiga ko'ina, yadi da fata su suka fi shan wahala. Maris da Afrilu zafi ba zai bar mutum ya tsaya minti biyar a ɗaki ba. A kuma duba kada ranar ta faɗa cikin azumi ko makon jarrabawa.

Ɗakin kansa ba ya son ado. A fitar da benci da kabad da kalanda, a share yanar gizo, a toshe ramukan ƙusa, a shafa farin fentin ruwa hannu biyu, mako guda kafin ratayawa don ya bushe wari ya fita. A bi gindin bango a duba hanyar gara. In an ga ƙasar da ta gina, a magance ta kafin katako ko takarda su shigo. Tagar da rana ke shigowa ta cikinta a sa mata farin labule mai kauri. Rana tana cin launi, kuma abin da ta ci ba ya dawowa: fentin ruwa, tawadar zayyana da rinannen yadi su ne suka fi saurin koɗewa. Manyan gidajen tarihi suna rage hasken da ke faɗa wa takarda da yadi zuwa lux 50, wato haske mai laushi ƙwarai. Mu ba mu da na'urar awo, ƙa'idarmu kawai ita ce kada hasken rana ya taɓa aiki kai tsaye ko da na rabin sa'a ne. Ƙwan LED muke sa wa, ba ya zafi, ba ya cin wuta, ƙaramar sola ma tana ɗaukarsa in an ɗauke wuta. A kafa shi a sama, ya ɗan nisanci bango, hasken ya sauko a karkace kamar digiri 30, don kada gilashi ya riƙa mayar wa mai kallo da fuskarsa.

Ratayawa

Bangon siminti ba ya son ƙusa, ko ta lanƙwashe ko ta ɓantaro filasta. Abin da ya fisshe mu shi ne, muka sa kafinta ya kafa siririn katako a kewaye da ɗakin, sama da tsayin ƙofa kaɗan, ya ɗaure shi da sukuru. Daga jikinsa muke sauko da waya ko igiya mai ƙarfi, biyu ga kowane firam don kada ya karkace. Aiki ɗaya aka yi, shekara uku muna cin moriyarsa. A bayan kowane firam, a kusurwoyin ƙasa, muna manna guntun roba ko toton kwalba, ya ɗan ture shi daga bango iska ta riƙa ratsawa.

Kada a fara ratayawa sai an jera komai tukuna. A shimfiɗa tabarma a gindin bango, a jingina ayyukan a kai, a ja da baya a duba. A canza musu wuri, a sake dubawa. Mu yini guda muke ba wannan. Da farko kowane malami muka ba shi bangonsa, sai wurin ya zama kamar rumfunan kasuwar Muda Lawal, kowa da hajarsa. Yanzu gauraya su muke yi bisa abin da ya haɗa su. Bara mun sa allon zayyanar alaramma kusa da yadin matashiyar nan ta ATBU, sai ga shi murabba'ai da layukan da ke cikin zayyanar sun sake fitowa a yadin, alhali ba su taɓa zama sun yi maganar ba. Su kansu sun daɗe a tsaye a wurin suna nuna wa juna da yatsa. Aikin da ya fi ƙarfi shi ake sa wa a bangon da ke fuskantar ƙofa, shi zai jawo mai leƙe ya shigo.

Ga lissafin tsayi, don shi ne ke sa ɗaki ya zauna daram. Tsakiyar kowane zane, babba ko ƙarami, ya kasance a layi ɗaya, santimita 145 daga ƙasa, daidai idon babban mutum a tsaye. Mu da yake rabin masu zuwa yara ne, mun sauko da shi zuwa 135. A ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa a wannan tsayi, shi ne jagora. In da ƙusa za a rataya, sai a auna tsayin firam a raba biyu, a ƙara a kan tsayin layin, sannan a ja igiyar bayan firam sama ta miƙe, a auna tazararta da saman firam, a debe. Misali, firam mai tsayin santimita 60, rabinsa 30, igiyarsa ta tsaya santimita 8 ƙasa da samansa: 145 a ƙara 30 a debe 8, ƙusa za ta shiga a 167. Tsakanin aiki da aiki a bar aƙalla kamu biyu. In wuri ya ƙare kuma aiki ya saura, a mayar wa mai shi da haƙuri, ya fi a cusa.

Firam shi ya fi cin kuɗi. Kafinta ɗaya muke ba wa ya yi mana duka da katako iri ɗaya, siriri, babu ado, a girma uku kacal, don mu sake amfani da su baɗi. Abu biyu ne ba ma sassauci a kansu. Gilashi kada ya taɓa takarda. A yanka kwali mai kauri kamar taga a sa tsakaninsu, in ba haka ba danshi zai manne su. Sannan salatif kada ya kusanci aiki, domin gam ɗinsa yana zama rawaya ya ratsa takarda, ba ya fita. Ƙananan aljihunan takarda muke naɗewa a kusurwa huɗu, zanen ya zauna a ciki ba tare da an manna shi ba.

Abin da ba zane ba kuma da nasa hali. Rinannen yadi ba a buga masa ƙusa, nauyinsa zai yaga shi. A ɗinka masa ɗan hannun riga na farin ƙyalle a baya ta sama, da ɗinkin hannu mai sauƙin warwarewa, a zura gora mai santsi, a rataya gorar. Tukwane a ɗora su a kan akwatin katako da aka shafa wa farin fenti, tsayin ƙugu, a yi musu gammo, a zuba yashi mai tsabta cikin ƙaramin buhu a sa a cikinsu don su yi nauyi, kuma a nisanta su da hanyar wucewa. Gafakar Baba a tsohon kabad mai gilashi na mai sayar da magani muka sa ta, muka aro, muka wanke, muka shimfiɗa farin yadi. Kayan fata in babu gilashi hannu ba zai bar su ba.

Katin bayani

Kowane aiki da ɗan katinsa a dama da shi, duka a tsayi ɗaya, rubutu manya yadda dattijo zai karanta ba tare da ya sunkuya ba. Sunan malami, sunan aiki, kayan da aka yi da su, shekara. Da Hausar boko muke rubutawa, alaramma ya ƙara da ajami a ƙasa da hannunsa, kuma na ga tsofaffi da yawa da ajamin suke bi. Sannan muna ƙara layi biyu da na fi ba muhimmanci. Na farko: abin da malamin ke koyarwa da ranar ajinsa. Na biyu: magana ɗaya daga bakinsa game da aikin, yadda ya faɗe ta, ba a gyara ta ta koma ta 'yan jami'a ba. Mai tukwane ta ce a rubuta mata: "Yumɓun bakin rafinmu ne, na cakuɗa da garin tsohuwar tukunyar kakata da ta fashe." Wannan jimla ta koya wa yara abin da na yi wata ina bayani, cewa ana daka fasasshen kasko a zuba cikin sabon yumɓu don kada ya tsage a wuta.

Unguwa

Gidan zane na unguwa a cikin mutane yake, don haka kafin a buga sanarwa a je a gaida mai unguwa da liman, a faɗa musu abin da za a nuna, in sun samu dama ma su zo su gani kafin a buɗe. Maganar zanen mai rai tana nan, kuma ba mu ɓoye ta. A cikinmu akwai masu zana fuska, akwai waɗanda ba sa yi saboda fahimtarsu ta addini, kowa kuma muna girmama shi. Abin da muke yi shi ne, zaure ya ɗauki zayyana, rini, fata, tukwane da zanen gine-gine, masu fuskoki su shiga ɗakin ciki, a rubuta a ƙofa. Wanda ya ga dama ya shiga, wanda bai so ba ya ga abin da ya ishe shi a zaure. Duk wanda aka zana fuskarsa, musamman mace, sai an nemi izininsa kafin a rataya. Aikin da ke da ayar Alƙur'ani shi kaɗai ne ke karya dokar layin 135: sama muke kai shi, ba a ajiye shi a ƙasa ko lokacin jerawa, ba a sa shi a bangon da ke haɗe da banɗaki, kuma alaramma da kansa yake ɗauka ya rataya.

Ga wanda ya ce zane baƙon abu ne a ƙasar nan, amsar tana kusa. Zanen da mutanen zamanin dā suka yi a jikin duwatsun Geji da Shira, a nan jihar Bauchi, yana nan har yau. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, yana cikin gine-ginen tarihi da gwamnatin tarayya ta keɓe. Duk wanda ya taɓa shiga kabarin Tafawa Ɓalewa ya bi ta cikin duhun nan har ya fito fili, ya san gini ma yana magana. Mukan manna hotunan waɗannan wurare a tsakar gida, daban da ayyukan malamai, don yara su ga inda abin ya samo tushe.

Muna kuma ware yammacin rana ɗaya, yawanci Laraba, ta mata zalla, malamanmu mata su karɓi baƙi. A ranar ce iyayen yaranmu mata suka fi zuwa, kuma daga cikinsu ajin rini ya samu yawancin sababbin ɗalibansa. Malamar da ba ta son a ɗauki hotonta a sanar da masu waya tun daga ƙofa.

Ranar buɗewa

Asabar bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Sanarwa ta bakin yaran kansu ta fi tafiya: kowa a ba shi kati biyu, ɗaya na gidansu ɗaya na maƙwabta. A ƙara da WhatsApp, in da hali a kai wa gidan rediyo. A gayyaci malaman zane na makarantun gwamnati da na kuɗi da ɗalibansu, amma a raba musu ranaku, aji ɗaya a lokaci ɗaya, mutum ashirin sun cika mana ɗaki.

Jawabi ya zama gajere: addu'a, maraba, mai unguwa ya sa albarka, shi ke nan. Masa da zoɓo a tsakar gida suke tsayawa, ba sa shiga inda aiki yake, kuma a ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, domin hannun da ya ci masa in ya taɓa yadi ya bar shaida. Kowane malami ya tsaya kusa da aikinsa. Wasu za su so su laɓe a baya suna zuba wa baƙi zoɓo. A janyo su. Ganin mutum a tsaye kusa da abin da hannunsa ya yi shi ne dalilin taron. Manyan ɗalibai kuma su ne 'yan rakiya, mun koya musu tun mako guda kafin ranar, su ne kuma ke cewa "a duba da ido" cikin ladabi. Yaron nan da ya yi mini tambaya shi ya tsaya a kan zanena na Ƙofar Ran a shekarar farko. Na ji yana ce wa mahaifinsa, "Baba, dubi inuwar nan, ba baƙi ya sa ba, shuɗi ne da ja. Haka yake ce mana kullum."

Mako biyu muke barin ƙofa a buɗe, daga hantsi zuwa azahar, sannan bayan la'asar, malamai biyu a bakin aiki kullum. A cikin makonnin kowane malami yana da yamma ɗaya da zai zauna a gindin darbejiya ya yi aikinsa a gaban mutane. A ajiye littafin baƙi, a ajiye na rajistar ɗalibai a kusa da shi, domin za a tambaya.

In an sayi aiki, a manna ɗan jan ɗigo a katinsa, a karɓi rabin kuɗi a rubuta, amma aikin ya zauna har ranar rufewa. Mu kashi ɗaya cikin biyar ke shiga asusun gida, da shi muke sayen takarda da fensir na yaran da iyayensu ba su da hali, sauran na mai aiki ne. Farashi mai aiki ke yankewa tun ranar karɓa, kuma mai tsaron ɗaki ba shi da ikon ragewa. Wanda ya nemi ragi a haɗa shi da mai shi. Na sha ganin malamanmu, musamman mata, suna sa kuɗin da ko kayan aikin bai mayar ba; in na gani nakan zauna da mutum mu lissafa kuɗin kaya da kwanakin da ya ɗauka kafin a rubuta.

Saukewa

Washegarin rufewa a sauke komai, kada a bari gajiya ta sa ya kwana uku a bango babu mai tsaro. A ɗauko littafin nan da hotunan waya, a gwada kowane aiki da yadda ya zo, a gaban mai shi. In wani abu ya samu rauni a faɗa kafin ya gani da kansa, a kuma yi maganar gyara ko biya a take. A naɗe da farar takarda ko tsohon zanen gado mai tsabta. Jarida tana barin tawada, leda kuma tana riƙe gumi. Firam-firam a jingina su a tsaye, fuska da fuska, baya da baya, a kan guntayen katako don su bar ƙasa. Yadi a naɗe shi a jikin gora maimakon ninkewa. Tukwane a Keke Napep, mutum ya rungume su a cinya, a ce wa direba ya bi a hankali.

Kuɗin wanda aka sayi aikinsa a ba shi a ranar, a hannu ko ta banki, ya sa hannu a shafinsa. Gafakar Baba kuwa ni da kaina nake mayar da ita, a naɗe cikin zanen da ta zo da shi. Bara da na kai masa, ya warware ya duba bakinta da ɗinkinta, ya mayar ya naɗe, sannan ya jawo wata sabuwar fata daga ƙarƙashin buzunsa, an riga an zana mata layi da bakin wuƙa. Ya ce, "Ta baɗi ce. Wata nawa ka ce ya rage?"